Gayyar Ɗanlami Yabani

A Hillar Bawa, wani ƙauye da ke kudu da Hajj Abdalla a yankin Jazira na ƙasar Sudan, in ka ji ana gardama a gindin bishiyar nim, wato darbejiya, kuma murya ɗaya ta danne sauran, ba sai ka leƙa ba, Ɗanlami ne. Ya taɓa yin 'yan watanni a Wad Madani yana share shagon wani mai sayar da kayan gyaran mota. Da yake rabin kayan shagon daga Japan aka kawo su, sai ya dawo gida a matsayin masanin Japan. Shi ya raɗa wa kansa Yabani, wato mutumin Japan da Larabci, mutane kuma suka karɓa hannu bibbiyu don dama sun daɗe suna neman sunan da za su riƙa tsokanarsa da shi. Ya san abin da mutanen can ke karya kumallo da shi, ya san yadda jirginsu na ƙasa ke tafiya ba ya taɓa ƙasa. Abin da bai cika sani ba shi ne inda ya ajiye fartanyarsa.

A daminar da muke magana, baffansa Alhaji Bilyamin, wanda gwiwa ta fara yi wa gardama, ya kira shi ya damƙa masa hawasha guda, wato gonar da ke shan ruwan magudana. An riga an shuka gyaɗa, ta fito kore shar. Alhaji ba mai doguwar magana ba ne.

"Ka nome ta kahin ranar ruwanmu ta zagayo," in ji shi. "In ruwa ya shiga ya iske haki, Jibirin za ni ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Baffa, ai a Yaban..."

"Ban tambaye ka Yaban ba."

Jibirin mijin 'yar Alhaji ne. Sharaɗin kuwa ba mugunta a ciki. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Jazira ya san in ta sha ruwa sai ta koma laka mai kama ƙafa, a yi kwana da kwanaki ba mai iya shiga, kafin ta tsane ciyawa ta riga ta haɗiye gyaɗa.

Wadda ta fi kowa murna ita ce Rabi'atu, matar Ɗanlami. Tun da aka kawo ta gidan a gonakin mutane take sunkuyo, ba ta taɓa taka gonar da za ta ce tasu ce ba. Ranar sai da ta zagaya bayan ɗaki ta yi kukan daɗi. Da yake kuma ta san mijinta ciki da waje, ba ta tsaya jiran ƙwazonsa ba. Ta ware ragon da ta daɗe tana kiwo ta ce na gayya ne, a yanka wa jama'a su ci su ƙoshi, su nome gonar rana ɗaya.

Shi kuwa Ɗanlami ya kwashe kwanakin yana yi wa mutanen gindin nim bayanin yadda manomin Japan ke noma yana kishingiɗe a kujera. Ciyawa ba ta zuwa hira gindin nim, saboda haka ba ta ji ba, ta ci gaba da tsawonta. Sai da aka ce gobe ne ranar ruwa sannan ya sa a faɗa wa mutane gobe gayya. Ya ja ragon zuwa bakin titi, ya ce zai je Madani ya musanyo shi da wanda ya fi kitse. Da la'asar sai ga shi da kwali a ka.

"Ina ragon?" in ji Rabi'atu.

"Ga shi nan cikin kwali."

"Har an yanka?"

"An mai da shi ilimi."

Ya buɗe kwalin. Wata 'yar ƙaramar talabijin ce ta hannu, mai aiki da batir, da na'urar faifai, da faifai guda a leda, ba hoto ba rubutu.

"Abu Ikhlas," in ji ta, kuma ba ta kiransa da sunan 'yarsu sai ranta ya gama ɓaci, "mutane tilfizyon za su ci?"

"Ke matsalarki tunanin da. Mi ka sa mutum noma wurin gayya? Tuwo? Tuwo kasala shika sawa. Wanga faifai faɗan Yaban ne, karate, mutum guda shina doke arba'in. Za ni ɗora tilfizyon bisa karo, keken jakin nan, jaki shina ja gaba-gaba, mutane na biye da hauya. Duk wanda ya ga ana naushi jininai zai tashi, sai ya huce kan haki. Kahin azahar, halas, an gama."

"Ka kalli faifan?"

"Ni? Ni da na zauna cikinsu?"

"Cikin su wa? Tayoyi?"

Gaskiyar magana ita ce, a kasuwar Madani Ɗanlami ya ce wa mai faifai a ba shi faɗan Japan wanda ya fi kowanne zafi. Mutumin ya laluba ƙarƙashin tebur ya miƙo masa wannan, ya ce kowane kashi sai an yi faɗa a ciki, ya kuma ce a kunna a gwada. Ɗanlami ya ce gwaji sai baƙo.

Kafin magariba labari ya kai kunnen Garba Maiganga, wanda ubansa ya yi wa iyayen ƙauyen kiɗan noma, shi kuma yake yi wa 'ya'yansu. Ya iso da ganga a rataye.

"Yabani, an ce gobe gayya. Da wane take zan tashe ka?"

"Ka huta, Garba. Zamani ya wuce ka."

"To madalla. Shi akwatin naka ya san kirarin kowa? Ya san wanda sai an ambaci kakansa yake sunkuyawa?"

"Shina da launi."

"Launi. To amma ka san ita ganga..."

"Na ce ka huta."

"Na huta," in ji Garba. "Amma zan zo gobe, ba ganga. Kallo zan zo, kuma ba na akwatin ba."

Saura batir. Duk ƙauyen mota ɗaya ce mai batir mai rai, boksin Alhaji, wata tsohuwar a-kori-kura da ke kai shi kasuwa da asibiti. Ɗanlami ya yi tunanin Alhaji ba zai fita ba sai la'asar in zai zo duba gona, kafin nan an mayar. Tunda aro ne, kuma gidan baffa gida ne, bai ga dalilin damun tsoho da tambaya ba. Bayan sallar asuba ya kwance batir ɗin ya lulluɓe da buhu.

Daga nan ya biya wurin Ahmed gafir, mai tsaron ƙofar ruwa.

"Yau ruwanku, na sani," in ji Ahmed. "Zan riƙe maka har magariba, ku gama a natse."

"Magariba? Azahar za ka saki."

"Ya zol, bawan Allah, ka tabbata? Hakin nan na gan shi, ya kai gwiwa."

"So nike Baffa ya zo da la'asar ya iske an nome, an ba ta ruwa, ina zaune ina shan shayi. Azahar."

"Tamam, shi ke nan. Bakinka ya faɗa."

Jama'a sun fito fiye da yadda za su fito don rago, saboda rago kowa ya taɓa gani. Maza da hauya, mata da fartanya, har Jibirin ya zo don kada a ce yana baƙin ciki. Hajja Maijidda, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, shi ya sa ba wanda take jin nauyinsa, ta tsaya bakin gona tana shinshina iska.

"Rabi, ban ji ƙamshi ba, ban ga hayaƙi ba. Ko ragon Yaban ba a dahwa shi?"

Rabi'atu ta sunkuyar da kai ta nuna tulun kunun da ta dama da ɗan hatsin da ya rage.

Ɗanlami ya jera mutane sahu guda. Ya tsai da karo a gabansu, ya juya fuskar talabijin tana kallon manoma, shi kuma ya koma gaba ya riƙe igiyar jaki. Wato duk wanda ke gonar yana ganin hoto, ban da shi da jakin. Ya yi jawabi a kan ci gaba, ya gargaɗi masu raunin zuciya su kau da kai in an fara zubar da jini, sannan ya miƙa hannu ta baya ya danna.

Sai wani kiɗa mai zaƙi ya tashi, furanni suka cika allon. Ga wata yarinya 'yar makaranta, zanen hannu, gashinta ruwan hoda har gadon baya, idanunta kamar faranti. Ta makara, tana gudu da takalmi ɗaya a hannu. Ta yi tuntuɓe ta faɗi, ta zauna tsakiyar titi ta ɓare baki da kuka.

Mutane suka dubi juna.

"Yabani," in ji Garba daga bakin kunya, "wagga ce mai doke arba'in?"

Ɗanlami bai ga komai ba, kukan dai ya ji. "Ɗiyarsa ce," in ji shi. "Uban shina tahe."

Maganar cikin faifan an juya ta zuwa Larabci, irin tsantsar Larabcin littafi. Hajja Maijidda ta kasa kunne ta girgiza kai.

"Ɗiyar ga ta hi liman Larabci, amma ba ta iya ɗaure takalmi ba."

Maza suka fara guna-guni. Wani ya ce an taso su da sassafe, ba nama ba ganga, don su kalli zanen yara. Wasu suka saɓa hauya za su tafi. A daidai lokacin wata bushiya ta fito daga kwandon shara ta yi wa yarinyar sallama da Larabci, ta miƙa mata laima. Masu tafiya suka ɗan rage sauri, don bushiya mai sallama ba kullum ake gani ba. Can kuma sai ga wata mata doguwa cikin baƙaƙen kaya ta sauka tsakiyar kasuwa, tana bin mutane tana naɗe inuwarsu kamar tabarma tana cusawa a buhu. Duk wanda aka ɗauke wa inuwa sai ya yi yaushi ya zube.

To, mutumin Jazira zai iya yafe maka satar akuya. Amma wanda ya san rana tsaka a fili, inda ake rabon inuwar turken waya tsakanin mutum uku, ba ya wasa da maganar inuwa.

"La'ananniya!" in ji wani daga cikin masu tafiya, ya dawo da gudu. "Inuwa? Inuwar talaka?"

Yarinyar tana makyarkyata, tana cewa ita a bar ta ta koma gida. Bushiya na ba ta baki. Daga ƙarshe ta ɗaga laimar sama ta juya. Haske ya tashi, ƙyallaye suka nannaɗe ta, kafin a ce kwabo kayan makaranta sun zama wata riga mai fuka-fuki da takalma masu walƙiya. Mata suka saki salati a tare.

"Ba tela, ba guga!"

"Ta sauya tufa gaban jama'a kuma ba a ga komi ba," in ji Hajja Maijidda. "Wagga ɗiyar mutunci ce."

"To ita mai baƙaƙen kayan mi take jira?" in ji Jibirin. "Ga ta tsaye. Ai da ta make ta tun tana juyi."

"A Yaban ba a dukan mace tana shiri," in ji Garba. "Ko ba haka ba, Yabani?"

"Haka dokarsu take," in ji Ɗanlami, yana leƙen bayan akwatin.

Nan take aka raɗa mata 'Yar Laima, ita kuma ɓarauniyar aka sa mata Uwar Duhu. Abin da ya kama mutane ba faɗan ba ne, don faɗan ma haske ne da furanni. Yarinyar ce. Raguwa ce, ga tsoro, ga son barci, ga ci, kuma kowa a wurin yana da irinta a gida, wadda in aka aike ta sayen gishiri sai ta dawo da kuka. Amma in ta ga an taɓa wani, sai ta share majina ta tsaya, tana rawar jiki tana tsaye. Kashi ɗaya na ƙarewa wani na farawa, kowanne da sabuwar ƙawa: ga mai karatu, ga mafaɗaciya mai koren gashi wadda mata suka yi ta gardamar wane irin lalle take sawa. Wanda bai taɓa ganin irin abin ba, kafin ya gama raina shi ya riga ya zaɓi tasa a cikinsu.

"Jama'a, noma!" in ji Ɗanlami. "Ana kallo ana noma!"

Mutanen kirki ne, kuma sun sha kunu, sai suka ɗaga hauya suka fara. Hannu na sara, ido na sama. Ita kuwa hauya ba ta da ido nata na kanta. Mutum ɗaya ce a duk gonar take kallon ƙasa, Rabi'atu, kuma abin da ta gani ya sa ta jefar da fartanya ta ɗora hannu a ka. A bayan sahun manoma gyaɗa ce kwance jere-jere, saiwa a sama, ciyawa kuma na tsaye lafiya lau tana kaɗawa.

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! Gyaɗar kuke sarewa!"

"Abin da na so faɗa maka jiya ke nan," in ji Garba. "Ganga da kunne ake jin ta, ido na ƙasa. Amma ka ce in huta."

Ɗanlami ya dubi ɓarnar, amma bakinsa bai san da zancen ba. "A Yaban haka ake rage wa gyaɗa cunkoso," in ji shi. "Mu ci gaba."

Ya ja jaki. Karo na shiga kunya faifai ya fara tsalle, hoton ya tsaya cak da bakin Uwar Duhu a buɗe.

"Tsaya! Kai, tsai da jakin nan!"

Ya tsaya, hoto ya dawo, noma ya tsaya. Ya sake ja, jama'a suka bi karo a guje suna ihu, manya-manyan mutane masu jikoki suna tattake abin da hauya ta bari. Haka aka yi ta yi, in jaki ya motsa a zage shi, in ya tsaya a sa masa albarka. Jakin, da bai taɓa samun irin wannan kulawa ba, ya gane inda amfaninsa yake, ya daina motsi gaba ɗaya.

Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta haske allon har ba a ganin komai. Ɗanlami ya yi hamdala a ransa, ya ce yanzu dole a koma aiki. Ai kuwa an koma, don bai taɓa ganin mutanen Hillar Bawa sun yi aiki da sauri da haɗin kai irin na lokacin ba. Maza suka kafa ƙotocin hauyoyinsu a ƙasa, mata suka kwance mayafai aka ɗaɗɗaure a kai, nan da nan ga rumfa ta tashi a tsakiyar hawasha. Kowa ya shige ya zauna dirshan a kan gyaɗa. Labari ya kai cikin gari, sai ga waɗanda ba a gayyata ba suna ta tahowa, masu goyo da masu sanda, har mai shago ya rufe shagonsa. Jibirin ne ya fi kowa kusa da akwatin.

Ɗanlami ya zagayo ya kai hannu zai kashe. Hajja Maijidda ta ɗaga sandarta.

"Taɓa, in nuna maka karaten da kake nema. Ni na yanke maka cibiya."

Ya janye hannu. Tunda kashewa ta gagara, sai ya koma gefen jaki ya shiga yi wa na bayan rumfa fassarar abin da ke faruwa, duk da su suna gani shi ba ya gani. Sallar azahar ma kashi-kashi aka yi ta, masu dawowa suna tambayar me aka yi bayansu tun kafin su gama shafa addu'a.

Ahmed gafir mutum ne mai cika alkawari. Azahar na yi ya buɗe ƙofar ruwa, ya sa makullinsa a aljihu, ya biyo magudana don ya ga yadda ruwa ke tafiya. Ya iske rumfa a inda ya zaci zai iske gona. Ya leƙa don ya tambayi ko lafiya, ya ce a matsa masa kaɗan, ya tsuguna.

Rabi'atu ce ta fara hango ruwan yana malalowa ta kan gona, yana bin kunya-kunya a hankali. Ta ruga wurin mijinta.

"Ruwa! An saki ruwa!"

"Ke, ina magana da mutane."

Ta kutsa cikin rumfa ta kama hannun rigar Ahmed. "Don girman Allah tashi ka ruhe!"

"Daƙiƙa guda, ya uhti, 'yar'uwata," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba. "Mai koren gashi ta koma wajen Uwar Duhu. Ashe an riƙe inuwar ƙanenta."

Ta fita ita kaɗai ta nufi inda ruwan ke shigowa, ta durƙusa tana kwasar laka da hannu biyu tana toshewa. In ta toshe nan ya ɓalle can. Ta yi ta yi har hannuwanta suka mutu, sannan ta zauna a bakin magudanar tana kallon ruwan yana wuce ta. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka.

Ruwa ya isa rumfa. Na zaune suka ji sanyi a ƙasansu, suka koma tsugune. Ya kai idon sawu, suka miƙe tsaye suna tattare riguna. Ba wanda ya fita, don a lokacin 'Yar Laima ta je gidan Uwar Duhu ita kaɗai, ba bushiya ba ƙawaye. Ƙafafun karo suka fara nutsewa. Jaki ya duba hagu ya duba dama, ya zauna.

A haka Alhaji Bilyamin ya same su. Ya shiga boksinsa ya murɗa makulli bai ji ko tari ba, ya buɗe gaba ya ga gurbin batir wayam. Ya nemi wanda zai tambaya bai samu ba, duk ƙauyen na gona. Haka ya tako da sanda, da gwiwar da likita ya ce a riƙa lallaɓa ta, tun daga gida har hawasha. Ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo. Ga tafki, ga ganyen gyaɗa na yawo a kai, ga ciyawa ta miƙe tana shan ruwa da godiya, ga rumfar mayafai a kan hauyoyi, ga jama'ar Annabi tsaye cikin laka suna share hawaye.

Ɗanlami ya taho da sauri zai tare shi, laka ta riƙe takalminsa ɗaya, ya ƙaraso da ɗaya.

"Baffa, sannu da zuwa. Ka iske mu tsakiyar aiki."

"Batir ɗin wa ne wancan?"

"Aro ne, Baffa."

"Wa ka tambaya?"

"Ban so in tashe ka ba."

"Wanga ruwa hwa?"

"Ai haka ake yi a Yaban. Sai an cika gona da ruwa sannan..."

"Mi suke shukawa?"

"Shinkahwa."

"Ni mi na shuka?"

Ɗanlami ya ga magana na neman ƙare masa, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai ya yanke shawarar nuna wa baffansa aiki da hannu. Ya koma ya fizgi igiyar jaki, ya ɗaga murya ya ce kowa ya kama hauya, ya zabga wa jakin bulala. Jaki ya zabura. Ƙafar karo ɗaya ta fito, ɗaya ta ƙi. Karon ya karkace a hankali, kowa na kallo, a daidai lokacin da 'Yar Laima ta cire inuwarta da hannunta tana miƙa wa Uwar Duhu don a saki ta ƙanen ƙawarta. Talabijin ta zame, na'urar faifai ta bi ta, suka faɗa ruwa tsulum. Igiyar ta ja Ɗanlami, shi ma ya bi su da fuska.

Kururuwar da aka yi, ko gobara aka yi a ƙauyen ba za a yi irinta ba. Hajja Maijidda ta dafe ƙirji. Ahmed gafir ya tsamo na'urar yana girgiza ta, ruwa na tsiyaya, sai a sannan ya dubi ƙafafunsa ya tuna da ƙofar da ya bari a buɗe, ya ajiye ta ya arce.

Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Jibirin."

"Na'am, Baba."

"Hawasha taka ce daga yau. Ka ciro min batir ɗina."

Ya juya ya kama hanya yana ɗingishi. Ɗanlami ya miƙe, laka tun daga gira har ƙafa, ya bi bayan baffansa da kallo. Ya buɗe baki zai kira shi, sai ya ga duk jama'a sun kewaye shi.

"Yabani, kai ka san su. Ta mutu?"

"An mai da mata inuwar?"

"Bushiyar hwa, ina ta shiga?"

Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ƙauye guda ya yi shiru yana jiran abin da zai fito daga bakinsa ba. Ya dubi bayan Alhaji da ke ƙara nisa, ya dubi fuskokin mutane. Ya share laka daga leɓensa, ya gyara tsayuwa.

"To, ku matso. Ita dai yarinyar nan, na san ubanta."

Suka matso, har da Garba, wanda ya ce shi dai yana so ya ji iyakar ƙaryar.

Rabi'atu ta taso daga bakin magudana. Ta bi ta gefen taron ba ta kalli kowa ba, ta zare fartanyarta daga cikin turakun rumfa, ta nufi inda Jibirin ke kwance wayoyin batir.

"Jibirin, in ƙasa ta tsane za ka sake shuka?"

"Dole, Umm Ikhlas."

"Za ka so 'yan ƙodago?"

Jibirin ya kasa haɗa ido da ita. "Za ni so," in ji shi a hankali. "Ku biyu?"

Ta waiwaya. Mijinta na tsaye cikin laka har ƙwauri, hannu a sama, yana nuna wa mutane yadda ake juya laima.

"Ni ɗai," ta ce. "Shi ya samu aiki."